Zara Matar Wata, Gamzaki Uban Taurari

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Yau maganar suna za mu yi. Akwai wata tauraruwa da in an cire rana da wata, babu abin da ya kama ƙafarta wajen haske a sama. Wasu watanni da yamma take fitowa: ana sallame magariba sai ka gan ta ras a wajen da rana ta faɗi, tun sauran taurari ba su leƙo ba. Wasu watannin kuma a neme ta a rasa, sai masu sammako, ladanai da masu koko da masu tafiya gona, su ce ai ga wani tauraro can a gabas yana ci bal-bal kafin alfijir ya keto. Ta yamma Bahaushe ya raɗa mata Zara, har ya ɗaura mata aure, ya ce Zara matar wata. Na asuba kuwa ya ce masa Gamzaki, ya yi masa kirari da uban taurari. Ku lura da bakina, can na ce "ta", nan na ce "na". Mace da namiji ke nan. To, jama'a, abu guda ne. Zara ita ce Gamzaki, kuma ita ce yaranmu ke haddacewa a aji da sunan Venus.

Bari mu fara sanin mai sunan. Sauran taurari da wutar kansu suke ci, ita kuwa duniya ce irin tamu, dunƙulen dutse mai zagaya rana, hasken rana take aro. Kaɗan ya rage ta kai tamu girma: faɗinta kilomita 12,104, tamu 12,742. Ita ce ta biyu daga rana, mu ne na uku. Tsakaninta da rana kimanin kilomita miliyan 108, mu kuwa miliyan 150. A nan gizo ke saƙar. Da yake hanyarta ta ciki ce, tamu ta waje, duk inda muka hango ta ba ta yin nisa da rana. Kamar akuya ce a turke, ta ja igiya ta yi nan, ta dawo ta ja ta yi can, amma ba ta wuce tsawon igiyar. Tsawon igiyar nan digiri 47 ne, wato in ka miƙe hannunka sosai ka buɗe yatsu, kimanin taƙi biyu daga rana. Shi ya sa a ƙasashenmu ba ta wuce awa uku da 'yan mintoci bayan faɗuwar rana, ita ma sai ta bi sahu. In wani ya nuna maka tauraro mai haske a tsakar ka da sha biyun dare ya ce Zara ce, ka ce masa a'a, galibi wata duniyar ce mai suna Mushtari.

Ga yadda take tafiyarta. Takan yi kamar kwana 263 tana fitowa da yamma. Sai ta ɓace kwana takwas ko makamancin haka, lokacin da take ratsawa tsakaninmu da rana. Sai ta ɓullo ta gabas da asuba, ta yi wasu kwana 263. Daga nan ta shige bayan rana, a yi wajen kwana hamsin ba a ji ɗuriyarta ba. In ka tara, kwana 584 ke nan, sannan ta koma farko. Wanda duk ya zauna yana lissafi zai lura da wani abu: watannin da Zara ke fitowa babu Gamzaki, watannin Gamzaki kuma babu Zara. Amma wa ke da lokacin wannan lissafi? Mai ganin ta da yamma daban, mai ganin ta da asuba daban, kowa ya raɗa wa abin da ya gani suna.

Sunan Zara dai daga allo da littafi ya fito. Larabawa Zuhara suke ce mata, a baki kuma a ce Zuhra. Malamanmu na da sun karanta ilimin taurari da hisabi cikin Larabci, tare da su Uɗaridu da Mirriku da Mushtari da Zuhal, amma cikin su duka ita kaɗai ce ta bar zaure ta shiga cikin gida, harshen mata da yara ya goge ta ta zama Zara. Tushen kalmar baƙi uku ne, a faɗar almajirai: zaira, ha babba, ra. Ma'anarsa haske da sheƙi, kuma daga nan aka samu "zahra", wato fure. Laƙabin Nana Faɗima, Zahra'u, mai hasken fuska, daga wannan tushe yake. Haka masallacin Azhar na Alƙahira, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a shekarar 970. Ke nan duk wata Zahra'u da ke sauraronmu yanzu, Hajiya ko 'yar makaranta, ki sani kina da takwara a sama.

Sai dai a yi hattara da wani tarko. Wani zai ce to ashe sallar azahar ma daga nan take. Ko kusa. Azahar da zadi ake rubuta ta, tushenta na bayyana ne da tsakar rana. Bakinmu ne ya haɗe zaira da zadi ya mai da su baƙi ɗaya. Abin dariya shi ne, a ƙasar Sifen har yau akwai kalma da ake rubutawa daidai da tamu, azahar, amma can furen lemo take nufi, gādon shekaru kusan ɗari takwas da Larabci ya yi a Andalus. Tasu ce 'yar'uwar Zara, tamu ba ta haɗa dangi da ita ba.

Duk inda karatun Larabci ya sauka, sunan ya bi shi. Masu jin Suwahili suna cewa Zuhura, Turkawa suna da Zuhre, mutanen Malesiya Zuhrah. Kuma ya zo da kayansa. A wasu littattafan tafsiri za ku tarar da hikayar cewa wai Zuhra wata kyakkyawar mace ce da ta fitini Haruta da Maruta, aka mayar da ita tauraruwa. Malamai irin su Ibn Kasir sun ce wannan labari daga Isra'iliyyat yake, bai inganta ba. Ni abin da ya ja hankalina a ciki shi ne garin da Alƙur'ani ya ambata tare da Haruta da Maruta, wato Babila. Haka kuma tauraron da Suratul An'am ta ce Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya gani da dare, ya kafa wa mutanensa hujja da faɗuwarsa: wasu masu tafsiri sun ce Zuhra ce, wasu sun ce Mushtari. Ko wanne ne, mutanen da ake kafa wa hujjar masu bautar taurari ne. Kun ga duk hanya Iraƙi take nuna mana.

A kudancin Iraƙi, a tsohon birnin Uruk, Sumeriyawa suna da wata gunkiya mai suna Inanna, sunan da masana ke fassarawa da uwargidan sama. Waɗanda suka gaje su, mutanen Babila da Assuriya, suka ce mata Ishtar. Ita ce ta soyayya, ita ce kuma ta yaƙi, tambarinta tauraro mai tsini takwas. Masu duban taurarinsu kuwa in suna rubutun aiki, Dilbat suke ce wa tauraruwar. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani allon yumɓu da aka tono a Nainawa, kusa da Mosul ta yau. An kwafe shi ne daga rubutun zamanin sarki Ammisaduƙa, wanda ya yi mulkin Babila kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa. A jikinsa an jera shekara 21 na fitowarta da ɓacewarta: wata kaza, rana kaza ta ɓace a yamma, ta yi kwana kaza ba a gani, ta fito a gabas. Wanda ya rubuta haka ya riga ya san cewa ta yamma da ta asuba abu guda ne.

Ga kuma abin da na fi so ku riƙe daga Babila. A cikin rubuce-rubucensu akwai inda suka ce in ta fito da faɗuwar rana mace ce, in ta fito da hudowar rana namiji ne. A Yaman ta da ma, abin bautar da suka danganta da ita, Astar, namiji ne. Ba ina cewa Bahaushe daga Babila ya kwaso Zara da Gamzaki ba. Yamma lokacin komawa gida ne, na girki da hira da zance, asuba kuwa lokacin mai fita ne, mafarauci da fatake da mayaƙa. Mutane biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suna iya kallon sama a waɗannan lokuta su yanke hukunci iri ɗaya.

Girkawa sun daɗe suna ɗaukar ta taurari biyu. Na asuba suka ce masa Fosforos, mai ɗauke da haske, na yamma Hesferos. Sai wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa suka gane, wasu su ce Faisagoras ne ya fara faɗa, wasu su ce Farmenides. Babila ta riga su da fiye da shekara dubu, ko da yake littattafan makaranta sun fi son ba Girkawa lambar. Da suka karɓi ilimin, sai suka karɓi tsarin suna ma. Suka duba cikin gumakansu wa ta yi kama da Ishtar, suka ce Afrodita, suka ba ta tauraruwar. Rumawa suka zo suka duba nasu, wa ta yi kama da Afrodita, suka ce Venus. Farisawa suka ba Anahita, gunkiyarsu ta ruwa, wadda sunanta ke nufin marar aibi, kuma har yau a Iran ana ce wa tauraruwar Nahid, ana sa wa 'ya'ya mata. Sarauta ɗaya ce ake ta naɗa mutane daban-daban a kanta.

Wancan Fosforos fa bai mutu ba, yana cikin gonarku. A shekarar 1669 wani Bajamushe a Hambug, Hennig Brand, ya tace wani sinadari mai walƙiya cikin duhu, aka ba shi sunan tauraron asuba na Girkawa. Manoma, harafin P ɗin nan da ke tsakiyar buhun takin NPK, shi ne. Takin sufa ma shi ne ƙashin bayansa. In kuna zuba wa masara taki, sunan Gamzaki na Girka kuke barbaɗawa.

Shi kuwa sunan Venus, Rumawan da kansu da "wa" suke furta shi, Wenus, don haka Bahaushen da harafin V ke ba wahala ya kwantar da hankalinsa. Asalinsa kalma ce ta yau da kullum mai nufin sha'awa da ƙauna da jan hankali, kafin ta zama sunan gunkiya, wadda har Yuliyas Kaisar ya yi da'awar cewa zuriyarsa daga gare ta take. Daga tushen ne suka samu "venenum", wanda a farko yake nufin maganin mallaka, abin da ake ba mutum ya sha don ya so ka. A hankali kalmar ta koma nufin guba, ita ce ta haifi sunan dafin maciji a Turanci da Faransanci. Masu zuwa neman na mallaka, kun dai ji inda Rumawa suka ƙare da shi.

Wanda ya fi shan wahala cikin sunayen nan shi ne wanda Rumawa suka ba na asuba: Lusifa. Fassarar Fosforos ce kai tsaye, mai ɗauke da haske, babu wani mugun abu a cikinta. Har an yi wani bishop a tsibirin Sardiniya a ƙarni na huɗu mai wannan suna. To, a littafin Annabi Ishaya, sura 14, akwai inda ake yi wa sarkin Babila habaici, ana kamanta shi da tauraron asuba, ɗan alfijir, wanda ya ɗaukaka kansa sannan ya faɗo. Da malamin nan Jerom ya mayar da littafin zuwa Latin wajen shekara ta 400, sai ya sa Lusifa a gurbin. Masu karatu na baya suka fahimci ayar a kan faɗuwar Iblis, sunan ya manne masa har yau. Kalma mai tsabta ta shiga bakin duniya ke nan. Can a Holan dai ta tsira da ɗan mutuncinta, don har yanzu ashana suke kira da ita.

Mu leƙa gabas. A Indiya Shukra ake cewa, ma'anarsa mai haske, tsarkakakke, kuma namiji ne, malami ma, wanda a hikayoyinsu yake koyar da abokan gābar gumaka. A Sin kuwa ba su bi ta kan gumaka ba. Suna da abubuwa biyar da suke ganin su ne ginshiƙin halitta, ruwa da ƙarfe da wuta da itace da ƙasa, sai suka raba wa duniyoyi biyar da ido ke gani. Zara ta samu ƙarfe, Jinshing, tauraron ƙarfe, ko ka ce na zinariya, don kalmar ɗaya ce. Tsohon sunanta Taibai, babban fari, wanda shahararren mawaƙinsu Li Bai, da aka haifa a 701, ya ɗauka laƙabi. Ƙarfe kuwa shi ne takobi da mashi, saboda haka a fadar Sin ganinta alamar yaƙi ce. Littattafan tarihinsu sun rubuta cewa an gan ta da rana tsaka a shekarar 626, 'yan kwanaki kafin yarima Li Shimin ya kashe 'yan'uwansa biyu a ƙofar fada ya kama hanyar gadon sarauta. Ganinta da rana dai ba abin al'ajabi ba ne. In tana kan ganiyar haskenta kuma ka san inda za ka duba, za ka gan ta, muddin babu hazo.

Akwai zare ɗaya da ya ɗinke Rum da Indiya da Japan, shi ne ranar Juma'a. Masu duba na zamanin Rumawa sun raba kwanakin mako ga abubuwa bakwai masu yawo a sama, Juma'a ta faɗo hannun Venus. Masu sauraronmu na Nijar da Kamaru da Chadi, "vendredi" ɗin da kuke faɗa ranar Venus take nufi. Ba'indiye ya ce Shukrawar, ranar Shukra. Bajapane ya ce Kinyobi, ranar ƙarfe. Ingilishi ya sauya ta da tasa gunkiyar, Frig. Mu kuwa Larabci ya raba mu da wannan rigima, Lahadi ɗaya, Litinin biyu, har zuwa Alhamis biyar, Juma'a kuma ranar taruwa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da mu, muna kan maganar Zara da sunayenta.

Duk waɗanda muka lissafa sunayen fada ne da ɗakin bauta da littafi. Akwai wasu da aka raɗa a tsakar gida, kuma ni su suka fi burge ni.

Mu fara da namu. Me ya sa matar wata? Saboda wata, a zagayensa, sau ɗaya kowane wata yake bi ta kusa da ita. Kuma tunda ita ba ta nisa da rana, ba ya riskar ta sai yana siriri. Daren da aka fita duban jinjirin watan azumi ko na sallah, ko kwana ɗaya biyu bayan haka, in shekarar tana yamma, za ka ga su biyu gefe da gefe, babu kowa a sararin sai su. Wanda ya fara cewa matarsa ce ya kalli sama da kyau. Mutanen Nyanja na Malawi sun ƙara wa zancen gishiri. Su a wajensu mata biyu gare shi, ta yamma da ta asuba. Ɗaya ta iya riƙon miji, in yana ɗakinta sai ya yi ta ƙiba, ɗayar kuwa da yunwa take barinsa har ya rame ya ƙanjame. Ku duba sama ku gani: jinjirin da ke tsayawa a yamma kullum ƙaruwa yake yi, tsohon watan da ke fitowa gabas da asuba kullum raguwa. Rikicin kishiyoyi ne, amma lissafin da ke ciki daidai yake.

Maƙwabtanmu Yarabawa Aguala suke ce mata, suna kuma yi mata laƙabi da karen wata, don tana biye da shi. Har suna da karin magana mai kare mata mutunci, mai cewa don an ga Aguala na tafiya tare da wata sai aka zaci karensa ce, alhali ba karensa ba ce. Buzaye kuwa ba su wahalar da kansu ba, Tatrit suka ce, wato tauraruwa kawai, kamar babu wata sai ita.

A kudancin Afirka maganar ciki ce. Zulu suna kiran ta yamma Isicelankobe, mai roƙon dafaffiyar masara. Tswana suka ce Kopadilalelo, mai roƙon abincin dare. Dalili a fili yake: tana leƙowa ne daidai lokacin da aka sauke tukunya, kai ka ce ƙamshi ta jiyo. Ku tsallaka teku har Koriya, can ma tsohon sunanta na yamma Gebapbaragi, wato tauraron da ke fitowa sa'ad da kare ke zuba ido a ba shi abinci. Bafaranshe da Baturke kuwa, ba tare da sun yi shawara ba, duk sun ce mata tauraron makiyayi, don da ita ake kora dabbobi gida, da ita ake fita da su. Mutanen Yolngu na arewacin Ostireliya suna kiran ta Barnumbir, suna cewa da igiya aka ɗaure ta, shi ya sa ba ta iya yin nisa. Digiri 47 ɗin nan da na gaya muku ɗazu, su sun riga sun gan shi.

Ba kowa ne ya gan ta da daɗi ba. Mayawa na kudancin Meziko da Gwatemala suna ce mata Chak Ek, babban tauraro, kuma tsoronta suke ji. A wani littafinsu da ya tsira daga ƙonawar Sifaniyawa, wanda yanzu yake birnin Dresden na Jamus, sun rubuta zagayenta na kwana 584, sun kuma gano cewa zagaye biyar kwana 2,920 ne, daidai da shekara takwas masu kwana 365. Ma'ana, inda ka gan ta a daren yau, nan za ka same ta bayan shekara takwas, da bambancin kwana biyu kacal. Maƙwabtansu Aztek kuwa, ranar da ta fara ɓullowa da asuba, toshe tagogi da kafofin ɗaki suke yi, wai kada haskenta ya shigo da cuta.

Da na'ura ta zo, sai ta nuna cewa masu tsoron sun fi masu yabon kyau kusa da gaskiya. A 1610 Galileo ya saita madubin hangen nesansa a kanta, ya ga ashe ita ma tana yin jinjiri, ta yi rabi, ta cika, irin na wata. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Wannan ne ya tabbatar masa cewa rana take zagayawa. Abin mamaki, lokacin da ta fi haske a idonmu ba cikakkiya take ba, lauje ce, sai dai a lokacin ta matso kusa da mu. Hasken kansa kuwa na gajimare ne da ya lulluɓe ta ruf, yana mayar da kusan kashi 75 cikin 100 na hasken rana. Gajimaren nan ba na ruwan sama ba ne, na asid ne irin wanda ke cikin ruwan batir. A ƙarƙashinsa iskar kabon ce kashi 96 cikin 100, ta riƙe zafi ta hana shi fita, har ya kai digiri 465 a ma'aunin Selshiyas, zafin da ke narkar da darma, dare da rana. Nauyin iskar ya ninka namu sau 92, daidai da mutum ya nutse mita 900 a cikin teku. Tarayyar Sobiyet ta yi ta aika kumbuna masu suna Venera, wanda shi ne sunanta da Rashanci. Na bakwai ya sauka ranar 15 ga Disamba, 1970, ya yi minti 23 yana aiko da saƙo. Na goma sha uku, a Maris ɗin 1982, ya jure minti 127 kafin ya yi shiru. Ga ta da bauɗiya kuma: a baibai take juyawa, rana ta yamma take fito mata, kuma juyi ɗaya a kan kanta kwana 243 ne namu, alhali zagaya rana kwana 225 take yi.

To ku auna da kanku. Waɗanda suka ce gunkiyar kyau da ƙauna ce, mayafi suka gani suka yaba. Amma wanda ya ce matar wata, har gobe tana nan gefen jinjirin wata. Wanda ya ce mai roƙon tuwon dare, har gobe lokacin tuwo take zuwa. Mai igiya ma igiyarsa ba ta tsinke ba. Su ba su yi da'awar sanin abin da ke cikinta ba, lokacinta da mazauninta suka faɗa, kuma shi ne abin da ido zai iya shaida. Shi ya sa nake jin takaici in na ga yaro ya jero duniyoyi takwas da Turanci tiryan-tiryan, amma in ka fito da shi tsakar gida bayan magariba ka nuna masa, bai san ita ce ta biyun da ya ambata ba. Malamai na firamare, don Allah in an zo darasin nan a ce wa yara Venus ita ce Zara, ita ce Gamzaki, a ba su aikin gida su je su nemo ta. Gane ta ba wuya: ta fi kowa haske, tana yamma bayan magariba ko gabas kafin asuba, kuma haskenta a tsaye yake, ba ta ƙyaftawa irin na sauran.

Raɗin suna kuwa bai ƙare ba. Da kumbon Amurka mai suna Magellan ya zana taswirar doronta da na'urar rada daga 1990 zuwa 1992, sai aka samu duwatsu da kwaruruka da ramuka barjat masu jiran suna. Ƙungiyar masana taurari ta duniya, wadda ita ke da alhakin wannan aiki, tana da ƙa'ida a kan Venus: sunayen mata kaɗai. Manyan tuddai biyu aka ba Ishtar da Afrodita. Akwai fili mai sunan Lakshmi ta Indiya, akwai rami mai sunan Kiliyobatira ta Masar, ƙananan ramuka kuma ana sa musu sunayen 'yan mata daga harsunan duniya. Namiji ɗaya tak ya samu shiga, shi ma don an riga an sa sunansa kafin a kafa dokar: James Maxwell, masanin kimiyya ɗan Sikotlan, wanda aka ba dutse mafi tsawo a can, mai kimanin kilomita 11. Yana nan zaune a kan tudun Ishtar, shi kaɗai a gidan mata.

Dattawa da iyayenmu mata da ke sauraro, musamman na karkara da na rugage, in akwai wani suna ko kirari da ake yi wa tauraruwar nan a yankinku, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci, a sa yara su rubuto mana, za mu karanta a shiri. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko jan tauraron nan, Mirriku, mu ji dalilin da ya sa kusan kowace al'umma ta haɗa shi da jini ko wuta.  

(Kiɗan rufe shiri)